Shanun Ƙanena da Na Hana a Sayar

Edita, sallama gare ka da masu bibiyar wannan shafi. Na daɗe ina karanta labaran mutane a nan ina taɓe baki, ina cewa ni kam ba za a yi irin wannan wauta da ni ba. To yau ga ni ɗauke da tawa, ina roƙon a sakaya sunana da na duk wanda zan ambata.

A lokacin da abin ya faru, ni malamar lissafi ce a wata sakandaren 'yan mata a Dutse, ina zaune a unguwar Takur da maigidana da 'ya'yanmu huɗu. Mace ce ni mai ji da kanta wajen gane mutum. Ɗaliba ba ta isa ta kawo mini ƙaryar ciwon ciki ba, mai kayan miya bai isa ya cusa mini ruɓaɓɓen tumatir a ƙasan kwano ba. Har bugun ƙirji nake yi cewa kafin mutum ya rufe baki na san inda ya dosa. Asalinmu Fulanin wajen Miga ne. Iyayenmu sun rasu da wuri, aka bar ni da ƙanena guda ɗaya, wanda na girme shi da shekara goma sha ɗaya. A hannuna ya tashi. Ni na raka shi makaranta ranar farko, ni na zane shi ranar da ya gudu ya bi shanu. Adda yake ce mini tun yana koyon magana, kuma duk duniya shi kaɗai ne yake kirana da wannan sunan.

A gidanmu akwai al'ada, ranar sunan yaro uba yakan shiga garke ya nuna karsana ɗaya ya ce ta jaririn ce. Duk abin da ta haifa, da abin da 'ya'yanta suka haifa, nasa ne, babu mai taɓawa. Nawa shanun an sayar da su lokacin aurena aka yi mini kayan ɗaki. Karsanar ƙanena kuwa ta yi albarka, zuriyarta ta zama wani ɗan yanki na garken da ke hannun Baffa, ƙanin mahaifinmu. Baffa dattijo ne da ya fi yarda da saniya a kan wayar salula. Yakan ce murya a waya ba mutum ba ce, tunda ba ya ganin idon mai maganar. Shi ya sa da ƙanena ya gama karatun likitan dabbobi, ya sami tallafin ƙaro karatu a Ingila, muka je yi wa Baffa sallama tare. A gabana ya ce wa Baffa duk abin da ya shafi shanunsa, maganar Adda ita ce maganarsa. Baffa ya ce ya ji, kuma ba zai kama igiyar ko ɗan maraƙi ba sai na zo da ƙafata na faɗa. Ranar har na ji kaina ya ƙara girma.

Ya yi karatunsa ya gama lafiya. Ya gaya mini an ba shi izinin zama na wani ɗan lokaci domin ya nemi aiki, kuma ya fara wani aiki yana lallaɓawa. Ban tambaye shi ko wane aiki ba ne. Likitan dabbobi ne, to wane aiki zai yi? Washegari na kai labari ofishin malamai. Wani abokin aikinmu mai son bincike ya ɗauko waya ya duba abin da ake biyan likitan dabbobi a can, ya tambayi wani ɗan canji farashin fam na ranar, ni kuma malamar lissafi na karɓi biro na buga a bayan takardar jarrabawa. Da na ga abin da ya fito sai da na sake bugawa. Abin da zai ɗauka a wata ɗaya, ni sai na yi shekaru ina shaƙar alli ban haɗa shi ba. Malamai suka yi ta taya ni murna, wata ta ce daga yau sunana Hajiya Fam. Na yi dariya, amma lambar nan ta zauna daram a kaina, kuma da ita na riƙa auna duk abin da ƙanena ya yi daga ranar.

Abin da ya ƙara zuga ni shi ne, a layinmu akwai wani likita da ya tafi aiki Saudiyya. Shekararsa biyu da tafiya ya fara ɗora bene. Kullum zan fita makaranta sai na ga tifa tana juye yashi a ƙofar gidan, ƙanwarsa tana fita da mota. Ni kuwa ina tsaye a bakin titi ina tsayar da adaidaita sahu, ga ƙane a ƙasar da kuɗinta ya fi na Saudiyya nauyi. Abin da yake turo mini bai taka kara ya karya ba, ɗan na cefane, da na ragon layya sau ɗaya, shi ma sai da maigidana ya cika. Na fara tambayar kaina ina sauran suke tafiya.

Da zarar zargi ya shiga zuciya, komai sai ya zama shaida. Na lura ba ya taɓa yarda mu yi kiran bidiyo yana cikin ɗaki, kullum a bakin titi ne ko a wurin jiran bas, yana sanye da jibgegiyar riga ɗaya da na gaji da gani. Na ce ɓoye mini gidan yake yi kada na ga daula. Ya taɓa turo hoto yana tsaye kusa da wata baƙar mota mai sheƙi, na tambaye shi, ya yi dariya ya ce shi ma a nan ya gan ta a ajiye. Na ce ƙarya ne, ya saya yana tsoron a sa masa ido. Sai kuma wata rana da rana tsaka muna magana, na ji muryar mace tana kiransa da Turanci, murya mai shagwaɓa, tana maimaitawa. Nan da nan ya ce Adda zan kira ki, ya kashe. Na zauna da wayar a hannu. Na ce to, ga inda albashin yake zurarewa. Na tura masa saƙon murya mai zafi, na ce idan ya manta wadda ta yi masa wanka ba komai, amma ko jakar hannu ce ya saya mini in riƙa, mutane su san ina da ƙane a Turai. Ya amsa da cewa in sha Allahu, Adda. Wannan sanyin nasa ma haushi ya ba ni.

Ana cikin haka ya kira ni wata Asabar da hantsi. Ya daɗe yana gaisuwa, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi damina, ya tambayi ciwon ƙafar maigidana. Sai can ya ce akwai wata 'yar buƙata da ta taso, idan ba takura, ko zan leƙa wajen Baffa a fitar da bijimai biyu da saniya ɗaya daga nasa, a tura masa kuɗin. Ya ce wata jarrabawa ce ta samun lasisin aiki, sau ɗaya ake yin ta a shekara, kuma rajistarta na da tsada. Ina saurare zuciyata tana tafasa. Mutumin da yake ɗaukar abin da na buga a bayan takarda, shi ne zai aiko a sayar da shanu a Miga a tura masa Ingila? Kowa nasa yana aiko da kuɗi gida, ni nawa daga gida za a aika masa? Kuma wace jarrabawa bayan digiri biyu? Ban faɗa masa ko ɗaya daga cikin wannan ba. Na ce masa to, zan duba.

Na je Miga kuwa, amma ba abin da ya aike ni na kai ba. Na sami Baffa a gindin tsamiya yana gyaran igiya, na durƙusa na gaishe shi, na ce yaron nan ya aiko a sayar da shanunsa, amma ni ban yarda ba. Baffa ya tambaye ni ko lafiya. Na ce lafiya ƙalau, kuɗi ne suka yi masa yawa har wata ta gani ta maƙale masa, na ji muryarta da kunnena. Na ce idan aka fara sayar da uku, baɗi sai a nemi biyar, kafin a ankara Baturiya ta cinye karsanar da mahaifinmu ya nuna da hannunsa. Baffa ya ce shi dai ya san yaron nan bai iya roƙo ba, tun yana ƙarami, kuma idan irinsa ya buɗe baki a duba da kyau. Na ce Baffa ai Turai tana canza mutum. Ya ce to, ke kika yi boko, ke kika san can, maganarki ita ce tasa. Goggo, matar Baffa, tana bakin bukka tana jin komai, kuma na san kafin kasuwa ta ci labarin ya zaga dangi.

Maganar Baffa ita ce ya kamata ta tsayar da ni, domin na fi kowa sanin fulakon ƙanena. Yaro ne da za a kai shi gidan mutane a ajiye masa abinci ya ce ya ƙoshi, alhali tun safe bai sa komai a bakinsa ba. Yana aji uku a firamare ƙaya ta karye masa a tafin ƙafa, ta yi ruwa, ya kwana huɗu yana takawa a haka bai faɗa ba, sai da na kama shi yana ɗingishi a bayan ɗaki. Na tambaye shi, ya ce ɗan ciwo ne kaɗan. Mutumin da yake kiran wannan ɗan ciwo, idan ya ce 'yar buƙata, ai sai a tashi tsaye. Ni da na tashi cikin wannan tarbiyya, ni da na koya masa ita da bulala, ni ce na auna maganarsa da ma'aunin 'yan birni masu kuka kafin a taɓa su.

Ya sake kira bayan mako biyu. Na ce masa Baffa ya ce shanu sun rame, a bari su murmure, kasuwa ba kyau. Ƙarya na shara masa, kuma a bakin dattijo na sa ta. Ya ce ba komai, Allah ya kai mu. Ya ƙara tuntuɓa sau ɗaya, a saƙo, ya ce lokaci yana ɗan matsowa. Na karanta na ƙi amsawa, ina jira ya gaji ya fito da gaskiya. Daga nan bai sake tayar da maganar ba. Na ce wa maigidana ka gani ko, da jarrabawar gaske ce ai da ya nace. Maigidana ya ce shi dai da na tambayi yaron kai tsaye. Na ce masa ba ƙaninsa ba ne.

Sai na ji labarin wata nas 'yar Jahun da take aiki a garin da ƙanena yake, ta zo hutu ganin mahaifiyarta. Na shirya takanas na hau mota, da sunan barka da zuwa, amma a raina sunan Baturiyar nake so da kamanninta. Na tarar da ita a tsakar gida tana tankaɗe, ba ta yi kama da wadda ta zo daga Turai ba. Da na faɗi ko ni wace ce sai ta saki rariya ta riƙe hannuna, ta ce ashe ni ce Addar da yake yawan faɗa. Na yi murmushin yaƙe, na fara zagaye-zagaye, na ce yaya gidansa, yaya motarsa, yaya kuma mai ɗakin nasa. Ta dube ni kamar na yi wani yare. Ta ce wace mota, wane gida?

Abin da ta gaya mini a tsakar gidan nan, har yau bai fita daga raina ba. Ta ce a can takardar likitan dabbobi ta gida ba ta ba mutum damar taɓa ko kyanwa, sai ya ci jarrabawarsu ya karɓi lasisi. Albashin da muka gani a waya na masu lasisi ne. Shi a gidan kula da tsofaffi yake aiki, yana yi musu wanka, yana canza musu shimfiɗa, yana ba su abinci a baki, ana biyansa mafi ƙanƙantar abin da doka ta yarda. Kafin kuɗin su shigo hannunsa an cire haraji. Ɗaki ɗaya yake haya a gidan da mutum shida suke haɗa kicin da banɗaki, kuma hayar ɗakin nan kaɗai tana cinye fiye da rabin abin da ya rage. Ga kuɗin wuta, ga na ɗumama ɗaki lokacin sanyi, ga na bas. Ta ce sau da yawa da ƙafa yake tafiya aiki don ya rage na bas ɗin, kuma ta sha ce masa ya zo ya ci tuwo a wajenta ya ce ya ƙoshi. Da na kawo mata zancen likitan Saudiyya da nake gwada shi da shi, ta ce irinsu da yawa asibiti ne yake ba su masauki, kuma da aikinsu a hannu suka tafi. Na yi ƙarfin hali na ce to muryar macen fa? Ta yi 'yar dariya mara daɗi, ta ce ai gidan cike yake da tsofaffin mata, wasu sun haura tamanin, sun rikice, yini suke yi suna kiran ma'aikata, kuma an hana riƙe waya a bakin aiki.

Sai ta ce abin da ya fi ba ta tausayi shi ne jarrabawar. Ya yi wata da watanni yana karatu, ya ci ta Turancin da ake fara yi, ya tara abin da ya iya, saura cikon da ya ce za a turo daga gida. Ta ce duk sun san idan ya sami lasisin nan akwai wuraren da suke neman likitocin shanu ido rufe, su za su tsaya masa ya sami izinin zama mai tsawo. Ta tambaye ni ko shanun sun murmure, don ya ce mata rama ce ta hana a sayar.

Ban san yadda na yi mata sallama ba. A tashar Jahun, cikin rana da hayaniyar 'yan kamasho, na kira shi. Na ce gobe-goben nan zan je wajen Baffa, ko goma yake so a sayar. Ya ce Allah ya saka da alheri, amma an rufe rajista tun makon jiya. Na ce to ta baɗi. Ya ce kafin baɗi izininsa ya ƙare. Na fashe da kuka a gaban mutane, ina cewa me ya sa bai gaya mini halin da yake ciki ba. Ya ce ai ya faɗa, Adda, sau uku. Ya ce kada na damu, haka Allah ya tsara.

Ya nemi wurin da zai tsaya masa a aikin tsofaffin, bai dace ba. Bayan wasu watanni ya dawo da akwati ɗaya da jibgegiyar rigar nan a hannu. Bai sauka a Takur ba, Miga ya wuce kai tsaye, kuma a can Baffa, wanda bai iya ɓoye magana ba, ya gaya masa cewa shanu ba su taɓa ramewa ba, ya kuma gaya masa abin da na faɗa a gindin tsamiya. Da na je na same shi a cikin garke ya ɗaga ƙafar wata saniya yana duba kofato. Ya rame har wuyansa ya yi tsawo. Shanun kuwa ga su nan sun yi ɓul-ɓul, har an sami ƙarin maruƙa biyu. Ya saki ƙafar saniyar, ya wanke hannu, ya zo ya durƙusa har ƙasa ya ce sannu da zuwa, Hajiya. Na juya ina neman wadda yake gaisarwa. Ya shiga bukka ya fito da wata leda ya miƙa mini da hannu biyu. Jakar hannu ce, baƙa, mai kyau, irin wadda na ce ya saya mini mutane su san ina da ƙane a Turai.

Na nemi gafararsa a gaban Baffa da Goggo, ya ce ya yafe, kuma na yarda ya yafe, don ba ya ƙarya. Yanzu yana zaga kasuwannin dabbobi da 'yar jakar magani a bayan babur, yana yi wa awaki allura. Yana zuwa gidana da salla, yana yi wa yara alheri, bai taɓa ɗaga mini murya ba. Amma shekara biyu ke nan ban ji kalmar Adda daga bakinsa ba. Jakar tana cikin sif, ban taɓa fita da ita ba.

Abin da na koya shi ne, wayon da nake taƙama da shi rashin yarda ne kawai na sa masa suna mai daɗi. Na iya buga albashi da farashin canji, amma ban iya yi wa ɗan'uwana tambaya ɗaya ba: me kake ci, ina kake kwana? Ina kira ga duk mai ɗa ko ƙane ko miji a waje, kada ku juya albashinsa zuwa naira ku zauna kuna jiran rabonku, domin ba da naira yake biyan haya ba. Ku tambayi wane aiki yake yi da hannunsa, ba wanda ke rubuce a takardarsa ba. Masu shirin tafiya kuma, ku bincika ko takardarku tana aiki a can kafin ku hau jirgi, kuma idan kun matsu ku ajiye kunya ku faɗa da baki ɗaya, don na gida ba sa gani. Idan kuma naku irin nawa ne, wanda bai iya roƙo ba, ranar da ya ce muku akwai 'yar buƙata, ku bar abin da kuke yi ku kama hanya. Ni na tsaya bincike, na tsare masa shanunsa cif, ko ɗaya bai ɓata ba, kuma su ne nake tararwa a garke duk ranar da na je Miga.